Abin Da Ya Sa Fim Ɗin The Sound of Music Ya Ƙi Tsufa

Ran 2 ga watan Maris na shekarar 1965 aka fara nuna wani fim mai suna The Sound of Music, watau Amon Kiɗa, a wani gidan silima na birnin Niyok a ƙasar Amurka. Da yawa daga cikin manyan masu sharhi na jaridun birnin ba su yi wata-wata ba suka yanke masa hukunci. Suka ce zaƙinsa ya yi yawa, labarinsa kuwa tatsuniya ce ta yara wadda bai kamata babban mutum ya ɓata kusan sa'a uku a kanta ba. Daga bisani wata shahararriyar mai sharhi, Pauline Kael, ta kira shi ƙarya wadda aka lulluɓe da sukari. Amma jama'a ba su saurare su ba. Suka yi ta tururuwa zuwa gidajen silima, wasu ma suna komawa sau da yawa, har ya zamana kafin ƙarshen shekarar 1966 fim ɗin ya zarce Gone with the Wind, wanda aka yi tun 1939, wajen yawan kuɗin da ya tara. Bugu da ƙari ya ci kyaututtukan Oska guda 5, ciki har da ta fim mafi kyau na shekara da ta darekta.

A shekarar 2025 fim ɗin ya cika shekara 60, kuma har yanzu ba a daina kallonsa ba. Tun 1999 aka fara wata al'ada a birnin Landan ta nuna shi da baitocin waƙoƙinsa a rubuce a ƙasan allo domin 'yan kallo su riƙa amshi, a 2001 kuma babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ya wajaba a adana. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. An yi finafinai masu zaƙi bila-adadin a wancan zamani, aka manta da su tun kafin a kwashe kujeru, to me ya sa wannan ya daɗe? Haƙiƙa masu sharhin sun faɗi gaskiya game da wasu aibobinsa, za a kuma zo kansu. Inda suka yi kuskure shi ne wajen gane dalilin da ya sa jama'a ke son sa. Asirin fim ɗin yana cikin aikin da aka ɗora wa waƙa a cikin labarin, da kuma yadda waɗanda suka shirya shi suka gane cewa abin da ya dace da dandamali dabam ne da abin da ya dace da allon silima.

ASALIN WASAN

Kafin ya zama fim, The Sound of Music wasan kwaikwayo ne na dandamali, irin wanda 'yan wasa ke cikin magana sai su ɓarke da waƙa. An buɗe shi ran 16 ga watan Nuwamba na 1959 a unguwar Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin Niyok. Richard Rodgers ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein ya rubuta baitocin, Howard Lindsay da Russel Crouse kuma suka rubuta labarin. An yi wasan har sau 1,443 a can, sa'an nan aka buɗe shi a Landan a 1961 inda aka yi shi fiye da sau 2,000. Shi ne aiki na ƙarshe da Rodgers da Hammerstein suka yi tare, domin Hammerstein ya rasu a watan Agusta na 1960, wata tara bayan buɗe wasan.

Su kuma sun ɗauko labarin ne daga rayuwar wata mace 'yar ƙasar Ostiriya, Maria von Trapp, wadda ta buga littafin tarihin iyalinta a 1949, har aka yi fim a kansa a Jamus ta Yamma a 1956. Ga yadda labarin yake a fim. Maria budurwa ce mai shirin shiga zaman zuhudu a wani gidan sistoci na garin Salzburg, amma rawar kanta da yawan waƙarta sun dami manyan gidan. Sai shugabar gidan ta aika ta ta zama mai reno a gidan wani tsohon kyaftin na sojan ruwa, Georg von Trapp, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya bakwai. Tun rasuwar matar ya hana kiɗa da waƙa a gidan, ya ɗinka wa yaran kaya iri ɗaya kamar kurata, kowane ɗaya kuma da irin busar usur ɗin da ake kiransa da ita. Maria ta koya wa yaran waƙa, zuciyar uban ta yi laushi, ya fasa auren wata hamshaƙiyar bazawara daga birnin Biyana ya auri Maria. Ana cikin haka Jamus ta Hitila ta haɗiye Ostiriya, aka aiko wa kyaftin takardar kira zuwa rundunar ruwa ta Jamus. Ya ƙi, iyalin kuma suka yi amfani da wata gasar waƙa suka sulale suka bar ƙasar.

ABIN DA KAMARA TA ƘARA

Kamfanin 20th Century Fox ya sayi izinin mayar da wasan fim a kan dala miliyan 1 da dubu 250. A lokacin da aka fara aikin kamfanin yana cikin mawuyacin hali, domin fim ɗin Cleopatra na 1963 ya lashe dukiyarsa har ya kusa durƙushewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa kamara a gaban dandamali a ɗauki wasan yadda yake, tun da dai an riga an san yana da kasuwa. Darekta Robert Wise da marubuci Ernest Lehman, waɗanda suka yi aiki tare a West Side Story na 1961, ba su bi wannan hanya ba. Suka warware wasan suka sāke ɗinka shi.

Abu na farko, suka fitar da labarin daga ɗaki zuwa fili. A dandamali, dutse zane ne a jikin ƙyalle, tabki kuma sai dai a faɗa da baki. Wise ya kwashi ma'aikatansa zuwa Salzburg a 1964, da niyyar yin mako shida, ruwan sama ya sa suka yi mako goma sha ɗaya. Fim ɗin yana buɗewa ne da hoton da aka ɗauka daga sama: gajimare, duwatsu masu ƙanƙara, tabkuna da ƙauyuka, har kamara ta gangaro kan wata mace ita kaɗai a tsakiyar makiyaya, ta buɗe hannuwa ta fara waƙa. Da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauki wannan hoto, kuma Julie Andrews, wadda ta fito a matsayin Maria, ta sha ba da labarin yadda iskar jirgin ke kayar da ita ƙasa duk sa'ad da ya juya. Kafin a furta kalma ɗaya ta zance, ɗan kallo ya riga ya san wace ce Maria, ya kuma ga ƙasar da iyalin za su yi asara a ƙarshe. Gani ya kori ji. Wanda bai ga kyan gida ba ba zai ji zafin barinsa ba, wannan kuwa abu ne da dandamali ba shi da ikon nunawa.

Abu na biyu, suka sauya wa waƙoƙi mazauni. A wasan dandamali, waƙar My Favorite Things, wadda ke lissafa ƙananan abubuwan da ke faranta rai, Maria ce da shugabar gidan zuhudu suke yin ta a ofis. Lehman ya ɗauke ta ya kai ta daren da aka yi hadari da tsawa, yaran suka ruga ɗakin Maria don tsoro. A nan sai waƙar ta zama maganin tsoro, ta kuma zama farkon amincewar yaran da baƙuwar da ɗazu suka sa wa kwaɗo a aljihu. Waƙar Do-Re-Mi, wadda da ita Maria ke koya wa yaran matakan murya bakwai kamar yadda ake koyar da baƙaƙe, a dandamali cikin falo ake yin ta a zama ɗaya. A fim an shimfiɗa ta a kan tudu, da kan kekuna, da cikin keken doki, da kan matakalar lambun Mirabell, yaran suna sanye da tufafin wasa da Maria ta ɗinka musu daga tsofaffin labulen ɗakinta. Kafin waƙar ta ƙare makonni sun shuɗe, yaran da ke tafiya kamar soja sun koma yara. Abin da zai ci dogon bayani, waƙa ɗaya ta gama shi. Kazalika an cire waƙoƙi uku na wasan, Rodgers kuma ya rubuta sababbi biyu, I Have Confidence da Something Good, kiɗa da baiti duka, tun da abokin aikinsa ya riga ya rasu.

Abu na uku shi ne zaɓen 'yan wasa. Mary Martin, wadda ta fara fitowa a matsayin Maria a dandamali, tana da shekara 45 a lokacin. Daga kujerun baya ba mai lura da haka, amma kamara tana matsowa har gaban fuska, ba ta kuwa rufa asiri. Julie Andrews tana da shekara 28 sa'ad da aka ɗauki fim ɗin, tana da murya mai tsabta, tana kuma da barkwanci da tsiwa waɗanda suka hana Maria zama waliyyiya mai gundura. Christopher Plummer, wanda ya fito a matsayin kyaftin, ɗan wasa ne da ya ƙware a wasannin Shakespeare, bai kuwa ɓoye cewa labarin ya yi masa zaƙi ba, ya shekara da shekaru yana yi wa fim ɗin ba'a. Abin mamaki shi ne wannan ƙyama tasa ta amfani fim ɗin, domin ya sa wa kyaftin ɗaci da gatse, ya zama kamar tsamiya a cikin kunu. Ba domin shi ba, da wataƙila maganar masu sharhi ta tabbata ɗungum.

TSAKANIN USUR DA MURYA

Duk wannan ƙwarewa ce ta sana'a, amma ƙwarewa kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya koma kallon fim sau biyar ba. Abin da ke riƙe ɗan kallo shi ne cewa a cikin wannan labari waƙa ita ce abin da ake jayayya a kai. A yawancin finafinan waƙa, labari yakan tsaya cik a yi waƙa, sa'an nan a ci gaba daga inda aka tsaya. A nan kuwa an fara da gidan da baƙin ciki ya rufe wa baki. Kyaftin bai hana waƙa don mugunta ba, ya hana ta ne domin tana tuna masa da matarsa, sai ya maye gurbinta da usur, wanda ba ya buƙatar amsa sai biyayya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka yi rasuwar uwa, uba ya rasa yadda zai yi da 'ya'yansa sai tsawa, zai gane wannan gida ko da bai san inda Ostiriya take a taswira ba.

Saboda haka wurin da ya fi taɓa zuciya a kashi na farko shi ne inda kyaftin, yana cikin korar Maria daga aiki a bakin tabki, ya jiyo murya daga cikin gida. Ya tambaya, aka ce masa 'ya'yansa ne. Ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa, can sai ya sa baki ya ƙarasa waƙar tare da su. Ba wanda ya yi masa wa'azi, shi ma bai yi dogon jawabi ba, amma kowa ya ga cewa uba ya dawo gida. In aka cire waƙar daga wannan wuri babu abin da ya rage.

A kashi na biyu sai al'amarin ya tashi daga gida ya koma ƙasa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. 'Yan Nazi sun iso da tutocinsu da takalmansu, suna son kowa ya ɗaga hannu iri ɗaya, ya yi gaisuwa iri ɗaya. Watau abin da kyaftin ya yi wa 'ya'yansa da usur, shi ake son a yi wa ƙasa baki ɗaya, mutumin da ya riga ya ga illar haka a gidansa kuwa ba zai yarda da shi a ƙasarsa ba. A nan ne waƙar Edelweiss, mai sunan wani ƙaramin farin fure na kan duwatsu, take aikinta. A dandamali sau ɗaya ake yin ta, wajen gasa. A fim an sa kyaftin ya fara yin ta a gida da gita, a tsakiyar 'ya'yansa, domin in ya sāke yin ta a dandalin gasa, sojoji na gadi a kowace ƙofa, ɗan kallo ya san abin da take nufi a gare shi. Muryarsa ta sarƙe, Maria da yaran suka kama masa, sa'an nan jama'ar da ke zaune suka ɗauka gaba ɗaya, manyan 'yan Nazi na zaune a sahun gaba ba su da ta cewa. Mutane da yawa har yau suna zaton tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Ostiriya, wasu ma suna cewa taken ƙasar ne, alhali kuwa a Amurka aka rubuta ta a 1959, kuma ita ce waƙa ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta.

Akwai wani canji da ya nuna cewa masu fim ɗin sun san abin da suke yi. Rolf, yaron da ke kai wayar tangaraho, wanda ke son babbar 'yar kyaftin, ya shiga ƙungiyar Nazi. A dandamali, sa'ad da ya gano iyalin a maɓoyarsu a gidan zuhudu, sai ya rufa musu asiri. A fim kuwa ya tona su, da usur kuma ya kira sojoji. Usur ɗin da uba ya ajiye, shi yaron ya ɗauka. Wannan ya fi kusa da gaskiyar abin da mulkin kama-karya ke yi wa matasa, fim ɗin da ake zargi da yawan zaƙi kuwa a wannan wuri ya fi wasan dandamalin ɗaci.

INDA MASU SUKA KE DA GASKIYA

To amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Fim ɗin ya yi wa tarihi kwaskwarima mai yawa. Maria ta gaskiya ta je gidan ne a 1926 don ta koyar da yarinya ɗaya da ke jinya, ta kuma auri kyaftin a watan Nuwamba na 1927, shekara goma da 'yan watanni kafin Jamus ta haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938. Tana da shekara 22, shi yana da 47, ita da kanta kuma ta rubuta cewa yaran ta fara so kafin ubansu. Iyalin sun san kiɗa tun kafin zuwanta. Abin da ya mayar da su mawaƙan haya shi ne karyewar bankin da dukiyarsu take ciki a 1935, wanda ya horar da su kuwa wani limamin coci ne, Franz Wasner, wanda fim ɗin bai ko ambace shi ba. 'Ya'yan kyaftin sun nuna ɓacin ransu da yadda aka nuna ubansu a matsayin mai taurin zuciya, suka ce mutum ne mai sanyin hali.

Gudun ma ba haka aka yi shi ba. Gaskiya ne kyaftin ya ƙi aikin rundunar ruwa ta Jamus, amma iyalin ba su haura duwatsu da ƙafa zuwa Suwizalan ba. Jirgin ƙasa suka shiga zuwa Italiya, domin an haifi kyaftin a garin Zara, wanda a lokacin yake hannun Italiya, saboda haka yana da haƙƙin ɗan ƙasa a can. Suwizalan tana da nisa ƙwarai daga Salzburg, wanda ya haura duwatsun da ke kusa da garin kuwa Jamus zai faɗa, dab da gidan hutun Hitila na Berchtesgaden. Daga baya iyalin suka zauna a garin Stowe na jihar Vermont a Amurka, inda kyaftin ya rasu a 1947. Maria ta rasu a 1987, ba ta kuma samu wani abin kirki daga ɗimbin kuɗin da fim ɗin ya tara ba, domin tun farko ta sayar wa Jamusawa izinin labarinta da araha.

Waɗannan duka ana iya yafewa, tun da mai ba da labari yana da damar gajarta hanya. Abin da ya fi nauyi shi ne hoton da fim ɗin ya bayar na Ostiriya a matsayin ƙasar da aka ci da ƙarfi alhali 'ya'yanta na kuka. Tarihi ya nuna cewa ɗimbin jama'a sun cika dandalin Heldenplatz na Biyana ran 15 ga watan Maris na 1938 suna yi wa Hitila marhabin. A dandalin Residenzplatz na Salzburg, inda fim ɗin ya nuna Maria tana wucewa da waƙa, an ƙona littattafai a bainar jama'a ran 30 ga watan Afrilu na wannan shekara. Yahudawan Ostiriya kimanin 65,000 ne aka hallaka kafin ƙarshen yaƙin, fim ɗin bai ce uffan a kansu ba. Har ma waƙar da a dandamali bazawarar da abokin kyaftin ke ba shi shawarar ya bi iska ya zauna lafiya da 'yan Nazi, tana cikin waɗanda aka cire, aka mayar da rabuwar kyaftin da bazawarar ta zama ta soyayya kawai.

Duk da haka, ɗan abin da fim ɗin ya nuna ya isa ya sosa wa wasu inda ke musu ƙaiƙayi. A birnin Munik an taɓa yanke duk abin da ya biyo bayan ɗaurin aure, watau duk kashin da 'yan Nazi ke ciki, sai da kamfanin ya sa baki aka mayar. A Jamus da Ostiriya fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma sai a 2005 aka yi cikakken wasan a gidan Volksoper na Biyana, a Salzburg kuwa sai 2011, ko da yake garin ya daɗe yana cin moriyar baƙi masu zuwa ganin wuraren da aka ɗauki fim ɗin. Abin da ya kamata mai kallo ya riƙe shi ne, wannan fim ba littafin tarihi ba ne, wanda ke son sanin abin da ya faru a 1938 sai ya nemi littafi. Amma gaskiyar da ya faɗa game da uba da 'ya'yansa, da kuma mutumin da ya gwammace ya bar gidansa da dukiyarsa da ya yi wa azzalumi aiki, ba a ƙirƙire ta ba, ta faru.

WAƊANDA SUKA BI SAWU

Hujja mafi ƙarfi cewa asirin ba ya cikin zaƙi ko yawan kuɗi ita ce abin da ya samu waɗanda suka yi ƙoƙarin maimaita nasarar. Manyan kamfanonin Holiwud suka ɗauka cewa abin da jama'a ke so shi ne dogon fim mai tsada, mai kayan ado da waƙoƙi barkatai. Kamfanin Fox ya zuba dukiya a Doctor Dolittle a 1967, da Star! a 1968, wanda Wise da Julie Andrews suka sāke haɗuwa a cikinsa, da Hello, Dolly! a 1969. Dukansu sun jawo wa kamfanin asara, har ya sāke shiga halin da The Sound of Music ya fitar da shi. Darekta ɗaya, 'yar wasa ɗaya, kamfani ɗaya, amma kasuwa ta ƙi, domin an kwaikwayi riga an bar mai rigar.

Waɗanda suka fi fahimtar darasin su ne mutanen Indiya, waɗanda dama waƙa ce ginshiƙin finafinansu. Fim ɗin Parichay na 1972, wanda Gulzar ya shirya, Jeetendra da Jaya Bhaduri suka fito a ciki, ana yawan danganta shi da The Sound of Music: malami ya zo gidan wani dattijo mai tsanani don ya koyar da jikokinsa biyar masu ƙiriniya, har da waƙar koyar da matakan murya irin na Indiya. Amma an mayar da labarin na Indiya tsantsa, da dangantakar kaka da jika da ɗan da aka kora saboda son kiɗa.

A nan ne maganar ta shafi mai karatu a ƙasar Hausa, inda aka saba da finafinan Indiya tun zamanin Mother India, inda kuma masu finafinan Hausa, tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, suka rungumi waƙa a cikin ayyukansu. An daɗe ana muhawara a kan wannan, wasu na cewa a cire waƙa kwata-kwata, wasu na cewa ba a sayen fim in babu ita. The Sound of Music ya ba da wani ma'auni mai sauƙi wanda kowane mai shirya fim zai iya gwadawa tun kafin ya kashe kuɗinsa: ya cire waƙar ya duba ko labarin ya rasa wani abu. In an cire ta labarin ya ci gaba lafiya lau, to dama ba ta da aiki a wurin sai cika lokaci da tallar faifai. In kuwa an cire ta aka rasa yadda yaro ya daina tsoro, ko yadda uba ya sauko daga fushinsa, ko yadda jama'a suka nuna wa azzalumi ba su tare da shi, to wannan waƙa ta ci guminta. Yawancin waƙoƙin wannan fim sun ci wannan jarrabawa, shi ya sa jikokin waɗanda suka fara kallonsa a 1965 suke zama su kalle shi har ƙarshe, alhali sharhin da aka rubuta don binne shi sai masu bincike ke nemansa a ɗakunan ajiye tsofaffin jaridu.